Igiya Ta Uku

Ƙasarmu ba ta da teku. Kowane yaron firamare ya san haka, domin mu da kanmu muke sa su haddace cewa kayanmu ta tashar wasu suke shigowa, Kwatano ko Lome. Duk da haka ni ɗin nan, mai koyar da waɗanda za su zama malaman gobe, ga furfura ta fara leƙowa, abin da nake kewa a ƴan shekarun nan shi ne jiragen yaƙi masu sauka a kan jirgin ruwa. Ban taɓa hawa ko ɗaya ba. In na faɗi haka a ɗakin malamai dariya ake yi. Wani abokin aikina yakan ce, “Malam, kai da ko kogin Isa sai ka je Yamai kake gani, ina ruwanka da teku?”

Kewar ta gaske ce, har ranaku gare ta. A Disambar 1999 sojan ruwan Faransa suka ajiye Crusader, jirgin da ake ɗaga masa fukafukai gaba ɗaya lokacin sauka don matuƙi ya iya hango gabansa. Ranar 22 ga Satumbar 2006 Amurka ta sallami F-14 Tomcat. A 2016 Faransa ta yi ban kwana da Super Étendard. Duk sanda irin wannan labari ya iso ni, sai in ji kamar an ce wani dattijon unguwarmu ya rasu, wanda ba mu haɗa komai ba amma na saba gaishe shi a ƙofar gidansa.

Asalin abin gidan bidiyo ne, a Damagaram, farkon shekarun 1990. Dala biyar ake biya a shiga, a zauna a kan benci, gurup yana ta ƙugi a bayan zana. Fim ɗin Indiya da na karate ne abincin yau da gobe. Wata rana mai gidan ya samo kaset ɗin Top Gun da fassarar Faransanci, ya sha gungurawa har hoton yana rawa. Abokaina babur ɗin Tom Cruise da faɗan sama suka ɗauka. Ni kuwa mintocin farko ne suka kama ni: doron jirgi da asuba, tururi yana tashi daga wata tsaga a ƙasa, mutane sanye da riguna kala-kala suna magana da hannu domin ba mai jin muryar wani, sai ga ƙaton jirgi ya faɗo daga sama ya tsaya cik kamar an riƙe shi ta wutsiya. Ashe riƙe shin aka yi. Daga nan na koma ɗakin karatu na cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ina tonon tsofaffin mujallu don in gane yadda ake yi.

Ga yadda ake yi. Jirgin dako irin Nimitz na Amurka tsawonsa mita 333 ne. Da jin haka sai a ce ai ƙato ne. To amma filin saukar jirgi na tudu yakan kai kilomita biyu zuwa uku, sannan ba duk doron ake sauka a kai ba, wani ziri ne da aka ɗan karkata shi hagu. Jirgin sama yana zuwa da gudun kusan kilomita 240 a awa. In Tomcat ne, nauyinsa ya haura tan 20 ko da ya ƙone yawancin mansa. Dole ya tsaya cikin mita 100 ko kusa da haka, wato tsawon filin ƙwallo, cikin sakan biyu zuwa uku. Birki ba ya wannan aiki. Ƙugiya ce a ƙarƙashin wutsiya, da igiyoyin ƙarfe huɗu da aka gicciya a doron, kowace kaurinta kamar wuyan hannun yaro. Bakin kowace igiya ya nutse ƙarƙashin doro zuwa wani inji mai aiki da matsin mai, wanda ke shanye ƙarfin, kuma kafin kowane jirgi ya iso sai an saita injin daidai da nauyinsa. In an yi sauka ɗari da ƴan kai a kan igiya sai a cire ta a sa sabuwa.

Ta uku ake nema. Wanda ya kama ta farko ya zo ƙasa-ƙasa, ya wuce dab da bakin jirgin na baya, kuma a nan ne mutane suka fi mutuwa. Wanda ya kama ta huɗu ya kusa wucewa. Ba a lallaɓa wannan sauka kamar yadda jirgin alhazai ke yi, a ɗaga hanci a taɓa ƙasa a hankali. Dira ake yi. Shi ya sa ƙafafun jiragen sojan ruwa suka fi na sauran kauri nesa ba kusa ba.

Sannan filin ba a tsaye yake ba. Jirgin ruwan tafiya yake yi, yana fuskantar iska. Da yake zirin a karkace yake, kullum zamewa yake yi zuwa hannun daman matuƙi. In teku ta yi fushi, bayan jirgin yana hawa yana sauka. Abin da matuƙi yake kallo shi ne wata fitila a gefen hagu na doro: ɗigon wuta ruwan goro a tsakiyar jerin korayen fitilu. Ƙwallo suke kiran ɗigon. In ƙwallon ya hau sama da jerin, ka yi sama da yawa. In ya sauka, ka yi ƙasa. In ya koma ja, ka kusa zama labari. Da rana, in komai na tafiya daidai, ƙasa da minti ɗaya ke tsakanin jirgi da mai bi masa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun ina yaro, kuma har yau nakan tsaya a kansa, shi ne abin da hannun hagun matuƙi yake yi a lokacin da ƙafafun suka taɓa doro. Ba ya rage wuta. Ƙara ta yake yi. Dalili kuwa, ƙugiya tana iya tsallake igiyoyin duka huɗu, kuma in haka ta faru ba lokacin tunani, gaba ruwa ne. Don haka kowace sauka ana yin ta ne da shirin sake tashi. In igiya ta kama, za ta riƙe jirgin duk da ihun injin, sai ya janye wutar. In ba ta kama ba, ya riga ya tashi, ya zagayo ya sake gwadawa. Mutum ya yi shekara ashirin yana wannan aiki, bai taɓa kuskure igiya ba a wannan tafiyar, duk da haka sai ya ba da wutar nan.

Da dare kuma wani abu ne daban. Ba sama, ba ƙasa, ba inda ruwa ya rabu da sararin samaniya, sai ƴan fitilu a cikin baƙi. Lokacin yaƙin Biyetnam likitoci sun ɗaura wa wasu matuƙa na'urar auna bugun zuciya, suka tarar zuciyar ta fi bugawa wajen sauka a kan jirgin ruwa fiye da lokacin kai hari.

Tarihin abin ba shi da tsawo. Ranar 18 ga Janairun 1911 wani Ba'amurke, Eugene Ely, ya saukar da jirginsa a kan dandamalin katako da aka kafa wa jirgin ruwan Pennsylvania a San Faransisko. Igiyoyi aka gicciya, aka ɗaure bakinsu da buhunan rairayi. Bai kai ƙarshen shekarar ba ya mutu a wani haɗarin jirgi a tudu. Ranar 3 ga Disambar 1945 Eric Brown na sojan ruwan Ingila ya zama na farko da ya saukar da jet, a kan jirgin Ocean. Shi dai ya yi sauka 2,407 a rayuwarsa, ba wanda ya kamo shi har yau, kuma ya mutu a 2016 yana da shekara 97. Amma jet ɗin farko sun ci mutane. Injinsu ba ya amsa wuta da sauri, doron a miƙe yake, jiragen da suka riga sauka suna jere a gaba, sai wata raga tsakani. Wanda ya kuskure igiya kuma ya tsallake raga, cikin ƴan'uwansa zai faɗa. A 1954 kaɗai sojan ruwan Amurka sun yi asarar jirage 776 a haɗurra, ba tare da kowa ya harbe su ba.

Turawan Ingila ne suka kawo dabaru ukun da suka sauya lamarin a farkon shekarun 1950: karkataccen doro, majajjawar tururi mai cilla jirgi sama, da madubin da ya haifi fitilar ƙwallon. Ta ƙarshen nan, Nicholas Goodhart a ofis ya fara gwada ta, da madubin kwalliyar sakatariyarsa da jan-bakinta da tocila. Nakan ba ɗalibaina wannan labari in suka ce ba za a iya koyar da darasin haske ba sai da ɗakin gwaji.

To amma in aka matsa mini aka ce a cikin duk wannan me kake kewa, ba ƙarfen zan nuna ba. Wani mutum zan nuna, wanda ke tsaye a wani ɗan dandamali a gefen hagu, can baya, iska da ƙarar inji suna dukansa. A da faifai biyu yake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, yana nuna wa matuƙi ya hau ko ya sauka ko ya karkata. An daɗe da ajiye faya-fayan, rediyo da maɓallin fitila yake riƙewa yanzu, amma Amurkawa har yau da sunan faifan suke yi masa laƙabi. Bari mu ce masa mai faifai. Shi ma matuƙi ne, galibi ƙaramin hafsa. In ya ga tahowar ba ta yi ba, sai ya kunna jajayen fitilu, kuma wannan umarni ne, ko wa ke cikin jirgin dole ya ba da wuta ya wuce.

Kowace sauka sai ya ba ta maki. Kowace ɗaya. Wani a gefensa yana rubutawa a littafi da gajerun alamomi: ya ɗan yi sama a farko, ya rage wuta da yawa a tsakiya, ya karkata dama dab da doro, igiya ta biyu. In jirage sun gama sauka, sai shi da ƴan tawagarsa su bi ɗaki-ɗaki, su sami kowane matuƙi, su karanta masa abin da ya yi. Matuƙin ya saurara, ya yi godiya. Sannan a liƙa sakamakon a wani allo a ɗakin taron rundunar, suna da suna, kore ga mai kyau, rawaya ga mai dama-dama, ja ga wadda ta kusa kashe mutane. Sunan kwamanda yana kan allon nan tare da na yaron da ya zo jiya. Ƙaramin hafsa ya tsaya gaban wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar ya ce masa yau ka zo ƙasa, kuma ba wanda ya ɗauki abin rashin kunya.

Malamai ƴan'uwana sun riga sun gane inda zuciyata ta tafi. Duk shekara nakan zauna a bencin baya na wani ajin firamare, da takarda a hannu, ina kallon ɗalibina yana gwajin koyarwa. Ina rubuta irin waɗannan gajerun alamomi: ya juya wa yara baya da yawa, tambayoyinsa ba sa wuce layin gaba, ya cinye lokacin aikin allo. Mu zauna bayan darasi in karanta masa. Yawancinsu suna karɓa da kyau, wasu har su roƙi a sake zuwa. Daga nan ya sami takardarsa, a tura shi wani ƙauye, kuma yana iya yin shekaru ba wanda ya sake zama a bayan ajinsa. Ranar da wani ya zo kuwa, fargaba ce, a share aji, a koya wa yara amsa tun jiya. Mu da muke koyar da su, rabon da wani ya zauna bayan namu ajin har mun manta.

Na taɓa kawo shawara a wani taro cewa mu riƙa shiga ajin juna, babba da ƙarami, sau ɗaya a wata. Wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ƙanena, yaron da na koyar da hannuna ne zai zo ya ba ni maki?” Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba. Ban ga laifinsa sosai ba. Muna cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a aikace daga sama gyaran yake gangarowa. Su ma mutanen jirgin ba don sun fi mu tawali'u ba ne. Kuskurensu a take yake bayyana, da wuta da gawa, gaban kowa, shi ya tilasta musu. Namu sai bayan shekara shida ko goma yake fitowa, a jikin yaron da ya kai ajin jarrabawa bai iya karanta tambayar ba, kuma a lokacin ba a san ajin wa za a nuna ba.

Akwai kuma abin da kaset ɗin bai nuna mana ba. A fim ɗin abokan gaba ba su da ƙasa, fuskarsu ma a rufe take. A zahiri suna da ƙasa, kuma maƙwabciyarmu ce. Ranar 19 ga Agustan 1981 Tomcat biyu daga Nimitz suka harbo jiragen Libiya biyu a mashigin tekun Sirt. A Afrilun 1986 jirage daga kan America da Coral Sea suka yi wa Bengazi ruwan bama-bamai, yayin da wasu da suka taso daga Ingila suka daki Turabulus. Wata ɗaya bayan haka Top Gun ya fito a sinima. A Janairun 1989 aka sake harbo wasu biyu kusa da Tubruk. Sai kuma Maris ɗin 2011, lokacin da Charles de Gaulle ya bar Tulon ɗauke da Rafale da Super Étendard, a wani farmaki da Faransa ta sa wa suna Harmattan, wato sunan iskarmu ta hunturu.

Watannin nan ina tuna su sarai. Tashoshin Faransa kullum suna nuna doron jirgin, ga masu rawayar riga suna ba da hannu (karnuka masu rawaya Faransawa ke kiransu, kuma su ba sa jin haushin sunan), ga ƙugiya tana kama igiya. Idona ya san kowane motsi. A gidanmu kuwa gwaggona tana zaune da wayar salula a cinya, ɗanta yana aikin gini a Libiya, kwana da kwanaki ba labari. Wata rana ta dubi telebijin ta ce, “Ɗan nan, waɗannan ne suke zuba musu wutar?” Na ce su ne, Gwaggo. Ta ce, “Ga su kuwa tsaf-tsaf.” Ɗan nata ya dawo daga baya, a saman babbar mota ta Dirku da Agadas, cikin dubban da suka dawo hannu wofi. Abin da rushewar Libiya ta jawo wa yankinmu kuwa ba sai na faɗa wa mai karatu ba, muna cikinsa. Jirgin da nake sha'awar saukarsa ya sauka da sauƙi ne saboda ya sauke kayansa a kan wani. Tun daga lokacin kewar tana nan, amma ba na iya kallon saukar ba tare da na duba ƙarƙashin fukafukan ba, in ga ko wofi ya dawo.

Yanzu sana'ar kanta tana canza kama. Jirgin Gerald Ford da Amurka ta ƙaddamar a 2017 da maganaɗisu yake cilla jirage, tururin nan na asuba babu shi. An sa wa sababbin jirage wata manhaja da ke riƙe layin sauka da kanta, ta yadda ɗaruruwan ƴan gyare-gyaren da hannun matuƙi yake yi a sakannin ƙarshe suka ragu zuwa kaɗan. Ranar 10 ga Yulin 2013 wani jirgi marar matuƙi, X-47B, ya sauka a kan George H. W. Bush ya kama igiya, ba zuciyar da ta buga a cikinsa. Ba ni da bakin sukar wannan. Uwar matuƙi ba ta kewar 1954. Sai dai in kwamfuta ce ta kawo jirgi kan igiya ta uku, mai faifai wa zai je ya samu a ɗaki, ya karanta wa me?

Na gwada nuna wa ɗana saukar Tomcat a waya. Ya kalla cikin ladabi, ya ce, “Baba, ai wannan tsohon yayi ne.” Jirgin yaƙin da tsararsa suka sani shi ne marar matuƙi, irin waɗanda Amurkawa suka girke a Agadas har suka tattara a 2024. Wannan ba ya buƙatar jarumi, kuma ba wanda zai yi fim a kan saukarsa.

Su kansu jiragen ba su yi kyakkyawan ƙarshe ba. Tomcat, ban da waɗanda aka kai gidajen tarihi, yawancinsu daddatsa su aka yi da inji, don kada kayan gyaransu su kai hannun Iran, wadda ta karɓi 79 tun zamanin Sha. Clemenceau an ja shi ya nufi Indiya a 2006 don a farfasa shi, aka yi ta ƙara saboda sinadarin asbestos mai jawo cutar huhu da ke jikinsa, Shugaba Chirac ya sa aka dawo da shi, daga baya aka yanka shi a Ingila. Ɗan'uwansa Foch an sayar wa Birazil a 2000, suka sa masa suna São Paulo. Da ya tsufa aka sayar da shi ga masu fasa jirage a Turkiyya, Turkiyya ta hana shi shiga, aka jawo shi baya, tashoshin Birazil ma suka ƙi karɓarsa. Ya yi watanni yana zagaye a teku a bayan jirgin da ke jansa. Ranar 3 ga Fabrairun 2023 sojan ruwan Birazil suka nutsar da shi, kimanin kilomita 350 daga gaɓa, a wurin da zurfin ruwa ya kai mita 5,000.